Gawon Gonarmu Da Ganye Tsakiyar Damina

Ranar Lahadin nan mu shida ne a tsakar gidana, a unguwar Birni cikin Damagaram. Akwai ni. Akwai ƙanwata da ke aure a ƙauyenmu can wajen Gaffati, ta shigo gari ganin likitan ido. Akwai ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ba na kuma yi masa magana kai tsaye, don haka muka taso muka tarar iyayenmu na yi. Ma'aikacin biro ne, wato ofis, ya kusa ajiye aiki. Akwai matarsa, mai haƙuri da saurin dariya. Akwai wani Alhaji Bakano, abokinsa, mai kantin yadi a kasuwa. Na shida shi ne wanda aka taru dominsa, jikana, babban ɗan wannan ɗa nawa. Ni ina ce masa Maigida, shi yana ce mini Uwargida, tun yana rarrafe muke wannan wasa, har ga shi ya yi gemu.

Abin da ya tara mu ba biki ba ne. Maigida ya gama lakwal, makarantar boko, da daɗewa, ya ƙi aikin biro, ya kama zane. Abin da yake ci da shi rubutun allunan shaguna ne, na masu aski da masu gyaran salula. Amma zuciyarsa tana wajen wani zanen daban, na duwatsu da gonaki da tafkuna, wanda yake yi a kan ƙyalle mai kauri da aka ɗame a jikin katako. Shi tablo yake ce musu. An ba shi wuri a wani babban zaure cikin gari, ya rataye nasa ranar Alhamis mutane su zo su gani. Uban kuwa ya gaji. Alhaji ya ce yana neman wanda zai riƙe masa kanti na biyu, uban ya ga ga ƙofa ta buɗe. Suka yi ta ja har uban ya yanke, ya ce, "A kai wa Inna ta gani. In ta ce aiki ne, na sake shi har abada. In ta ce wasa ne, Litinin ya kama kanti, a manta da Alhamis." Yaron ya yarda.

Na san dalilin da ya sa aka zaɓe ni. An san ba na yabo. Na sha mayar da tuwo madafa saboda gudaji, na sha sa tela ya farke ɗinki. Ɗan nawa ya ɗauka zan yi masa aikin da ya kasa, in buɗe baki sau ɗaya magana ta mutu. Ni ma, in faɗi gaskiya, haka na zata. Kafin ranar na aika an tambayo mini malamin unguwa ko akwai laifi a irin wannan, ya ce in dai itace ne da dutse da sama, babu mai rai a ciki, shi bai ga laifi ba. To, wannan ƙofar ta rufe, saura idona.

Bayan azahar ya iso da su a baro, an lulluɓe da tsohon bargo. Ya daɗe yana jeka-ka-dawo kafin ya bari a kalla. Ya jingina su a bangon gabas, ya ce rana ta yi musu yawa, suna ƙyalli. Ya kwashe ya mayar bangon yamma inda inuwa ta sauka. Ya kife mini turmi ya ɗora ɗaya, ya jawo benci ya ɗora ɗaya, ya kwance akuyata ya kai ta bayan ɗaki.

Na ce, "Maigida, amarya za ka kai ko zane za ka nuna?"

Ya ce, "Uwargida, haske rabin aikin ne. Ki ja tabarmarki baya, kamar taku biyar."

"A gidana za ka gaya mini inda zan zauna?"

Na tashi na tafi har gaban na farkon, hancina ya kusa taɓa shi. Ban ga komai ba sai ɗigo-ɗigon fenti, wani a kan wani, ja da toka da fari, kamar kaji sun kwana a kai. Na ce, "Wannan shi ne aikin shekara da shekaru?" Uban ya gyara zama, na ji shi. Maigida ya kama gefen mayafina yana ja na baya a hankali, taku ɗaya, taku biyu. A na huɗu sai ɗigon nan suka haɗe. Duwatsun bayan gari suka miƙe a gabana, manyan nan masu santsi da suka hau kan juna kamar an jera tukwane, da hasken hantsi a gefe ɗaya, da inuwa mai sanyi a ƙarƙashi inda awaki ke fakewa. Na matsa gaba, suka watse. Na koma baya, suka dawo. Sau uku na yi haka. Surukata ta rufe baki da gefen zane tana dariya. Na ce mata ta yi ta dariya, ita ma ta zo ta gwada. Ta gwada, ta ce, "La ilaha!" Na sa aka ja mini tabarmar taku biyar, ban dubi kowa ba.

Na biyu tafki ne bayan ruwan sama, da kuka a bakinsa, kukar ta sake fitowa a cikin ruwan kanta a ƙasa. Alhaji ya ce ko a Kano bai ga irinsa ba. Ni na ce ruwan ya yi tsabta da yawa, tafkin da na sani jan ruwa gare shi. Maigida ya ce da sassafe ya je, kafin shanu su shiga su dama. Haka ne kuwa, da sassafe ruwan kan kwanta.

Na uku shi ne babba, ya kai tsawon ƙyauren ɗaki in an kwantar. Shi ya bari a rufe har ƙarshe. Da ya yaye bargon, ƙanwata, da maganin likita a ido ɗaya, ita ta fara magana.

"Yaya! Ga dutsen da muke shanya kuɓewa!"

Gonarmu ce. Gonar da na yi shekarun ƙuruciyata ina kai abinci, wadda tun rasuwar mai gidana na gaskiya ban sake taka ta ba, da farko don zuciya, daga baya don gwiwa. Ƴaƴan ƙanwata ke noma ta yanzu. Ga falalen dutsen nan a kusurwar kudu. Ga gamba a kan iyaka, tsakaninmu da maƙwabta. Ga suri a tsakiya, wanda aka yi ta sara yana dawowa. Ga kwarin da ruwa ke kwanciya, inda gero kan fi duhu, kuma ya sa shi ya fi duhun. Ƙasar ma ba jar rani ba ce, irin launin nan ne da rairayi ke yi kwana ɗaya bayan ruwa, sama ya bushe, ƙasa da danshi. Can gabas hadari ya fara haɗuwa. Gero ya kai ƙugu, har kana jin in iska ta taso zai kaɗa.

Ƙanwata ta ce hanyar rijiya ta hagun suri take bi. Na ce ta dama. Ta ce ita da ke can kullum? Na ce ni da na fara bin ta tun ba ta iya ɗaura zane ba? Muka yi ta musu, muna nuni da yatsa, har Maigida ya ce a zanen ta dama ce, amma daga wajen dutse ya tsaya, in daga rijiya ka fito ta hagu ce. Kowacce ta ce ai abin da take faɗi ke nan. Sai da muka yi shiru na lura mun yi musun nan kamar muna tsaye cikin gonar.

Ni ba na kuka gaban mutane, balle gaban suruka da baƙo. Abin da nake yi in kuka ya taso shi ne in ƙara sa ido. Na bi zanen nan kamar yadda nake bin kayan ɗakin amarya, daga kusurwa zuwa kusurwa, ba na tsallake komai. Na bi gamba, na bi suri, na bi layin gyaɗa. Har na iso kan gawo.

Gawon nan shi ne uban gonar, yana tsaye kusa da kwari, mutum biyu ba su rungume shi. Maigida ya ba shi tsakiyar zanen, ya ƙawata shi. Ya cika shi da ganye shar, ya zuba masa inuwa mai kauri a ƙasa.

Na ce, "Maigida, wane lokaci ne wannan?"

Ya ce, "Tsakiyar damina mana. Ba ki ga gero ba?"

"Na ga gero. Tsakiyar damina, gawo ya sa riga?"

Ƙanwata ta matso, ta rufe idon mai ciwo, ta duba da mai lafiyar. Sai ta fashe. Ta tafa hannu, ta dafa kafaɗata, tana cewa, "Wayyo cikina! Yaya, gawo da ganye! Gero na ƙugu, gawo da ganye!" Har hawaye suka wanke mata maganin likita.

Duk wanda ya taɓa riƙe hauya ya san gawo ba ya shiri da damina. Sauran itatuwa in ruwa ya sauka su yi kore, shi sai ya zubar da ganyensa kaf, ya tsaya tsirara fari fat, kamar ya mutu. Shi ya sa manomi ba ya sare shi, don ba ya tare wa shuka rana, kuma geron gindinsa ya fi na ko'ina. Sai an yi girbi, duniya ta bushe, sannan ya fito da ganye, ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴa. Yarinya ƴar shekara bakwai a ƙauyenmu ta san wannan.

Na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, itacen ya ɗauke shi a salula da rani, lokacin da ya je suna ƙauye, ya kuma zauna ya zana duwatsu da suri a takarda. Geron kuwa da hadarin, ɗan ƙanwata ne ya turo masa hotonsu da ruwa ya zauna, gawon bai fito a ciki ba. Shi kuma ya haɗa biyun a ɗakinsa. Ya auro rani ya kai wa damina.

Na ga fuskarsa ta faɗi. Ya sunkuyar da kai yana murza fentin da ya bushe a yatsunsa. Uban ya yi gyaran murya ya ce, "To. An dai ji." Alhaji, mutumin kirki ne, ya so ya rufa asiri, ya ce, "Hajiya, ai da ganyen ya fi kyau. A bar shi haka. Wa zai sani a zauren nan? Duk ƴan birni ne."

Na ce, "Alhaji, kai in aka kawo maka shadda mai kyau, aka buga mata tambarin ƙarya, sai ka ce wa zai sani?"

Ya ce, "A'a, Hajiya, ni na janye."

Sai na juya wajen surukata, don ta bakinta nake yi wa mijinta magana. Na ce, "Tambayar mini mutumin nan na kusa da ke. Tun ɗazu yake kallon zanen nan. Ya ga ganyen?"

Ta juya, tana danne dariya, ta ce, "Inna na tambaya, wai ka ga ganyen?"

Ya sake duban zanen. Can ya ce, "Wallahi ban lura ba."

"Gaya masa a gindin gawon nan nake kwantar da shi in ina kai abinci. Gaya masa rana ce ta dame shi a wurin har na riƙa kafa masa zane a kan kara, don itacen ba shi da ganye ko ɗaya. Gaya masa shi ke tsinto wa awakina ƴaƴan gawo da rani, a cikin hularsa. Yau an sa masa gawo da ganye a damina, yana zaune yana gyaɗa kai kamar ana karanta masa takardar biro."

Surukata ba ta iya isar da saƙon ba, dariya ta ci ƙarfinta. Ba a ma buƙata, ya ji. Alhaji ya buga cinya ya ce, "Mutumina, ashe kai ma kantin ya kamata ka kama!" Shi kansa ɗan nawa sai da ya yi murmushi, ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

Da aka lafa, kowa ya zuba mini ido. Maigida bai ɗago ba. Na bar su suka jira kaɗan, don magana mai nauyi ba a jefa ta kamar tsakuwa.

Na ce, "A gaya wa mai tambaya, aiki ne. Wanda ya ga inda ruwa ke kwanciya a gonar da bai taɓa nomawa ba, ya ga launin ƙasa kwana ɗaya bayan ruwa, ya sa tsofaffi biyu musu a kan hanyar rijiya, ba wasa yake yi ba. Na ga masu aiki da yawa a rayuwata, na san idon mai aiki. Kuskuren gawo kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai. Mu muka haife shi a gari, muka kai shi lakwal, ba wanda ya taɓa tura shi ƙauye ya yi damina ɗaya. A ba Alhaji haƙuri, ya nemi wani."

Maigida ya ɗago. Bai yi godiya ba, ya san ba na son ta. Ya ce, "Uwargida, ashe kina sona."

Na ce, "Rufe mini baki, ban gama ba. Wannan zanen ba zai shiga zaure haka ba. Alhaji ya ce ƴan birni ne za su zo. Wane ɗan birni ne a Damagaram da ba shi da kaka a Dogo ko Gaffati? Mai gadin zauren ma zai gani. Ba za a rataye gonarmu mutane su zo suna dariya ba."

Ya ce zai iya shafe ganyen ya maye da sama, fentin yana bushewa da wuri, kafin Alhamis ya gama. Sai dai bai san yadda rassan suke a ƙarƙashin ganye ba, bai taɓa ganin itacen tsirara ba, kuma in ya ƙaga daga kansa zan sake kama shi. Na ce tabbas zan kama shi. Na ce ya bar wannan a hannuna.

Na ƙara da cewa in an je rataya, kada a kai shi can sama kusa da rufi kamar hotunan manya a biro. Gona ba a ɗaga kai a kalle ta. A sa shi daidai idon mutum, a kuma bar fili a gabansa, taku biyar, kada a cika wurin da kujeru. Ya ce, "Ji Uwargida, ɗazu ta ƙi ja da tabarma, yanzu ita ke koya mini." Na ce abin da na koya da rana ba na jira sai gobe in yi aiki da shi.

Muna cikin haka iska ta juya, ta zo da ƙanshin ƙasa. Ba wanda ya lura hadari ya haɗu a bayanmu, duk mun ba gabas baya muna kallon na zane. Ɗigon farko ya faɗo a kan benci. Tsakar gida ta rikice. Surukata ta ɗauki duwatsu, Alhaji ya rungumi tafki yana ta "A buɗe ɗaki! A buɗe ɗaki!", akuya na kuka a bayan ɗaki, ƙanwata na neman takalminta. Babban kuwa, kafin Maigida ya kai hannu, uban ya riga shi. Ya tuɓe babbar rigarsa ta shadda, wadda ya sa don baƙo, ya lulluɓe zanen da ita, ya ɗauka shi kaɗai yana tafiya a karkace, ruwa na dukan bayansa, yana cewa ɗan, "Kauce, kai ba ka iya ɗaukar kaya ba." Ni ina bakin ƙofa na riƙe labule. Da ya wuce ta gabana ban ce masa komai ba, ba a yi. Amma na sa matarsa ta dama masa fura da nono mai yawa.

Muka cunkushe a ɗakina mu shida da zane uku, ruwa na zuba a kan kwano har ba a jin magana sai an ɗaga murya. Alhaji ya ce tun da ya rasa mai riƙe kanti, a ƙalla a zana masa duwatsun nan ya kafa a inda masu sayen yadi za su gani. Ƙanwata ta ce a fara zana mata rijiya. Maigida ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata yana cin gyaɗa, kowa ya roƙa sai ya ce a tambayi Uwargida.

Washegari da na idar da sallar asuba na ɗaura zane, na ɗauki sandata, na tashi ƙanwata. Na aika aka kira Maigida, na ce ya zo da takardarsa da gawayin zanensa. Muka shiga motar ƙauye, gwiwata na ƙara ina yi mata tsawa. Daga bakin hanya aka ɗora ni a amalanken shanu har gona. Ƙasa ta sha ruwan jiya, gero ya wuce ƙugu, ga gawo can tsaye fari, ba ganye ko na magani. Maigida ya tsaya ya daɗe yana kallonsa baki buɗe.

Na sa aka shimfiɗa mini buhu a kan falalen dutse, na ce ya zauna nan kusa da ni ya fara. Na nuna masa reshen arewa da makiyaya suka sare tun ina da ƙarfi, ya warke ya yi dunƙule. Na nuna masa yadda ƙananan rassan ke tafiya a karye, ba su miƙe ba. Ya zana, na duba, na ce ya yi masa yawan rassa a dama, ya goge. Rana ta ɗaga, ba inuwa, ya fara share gumi yana waiwayen inda zai fake. Na ce yanzu ka san gawo. Na yafa masa gefen mayafina a ka, na ce ya ci gaba, saura reshe biyu.